Motata tana rawa in na taka totur, kuma bakaniken yayan matata ne

Assalamu alaikum Malam, ina wuni, ya aiki ya iyali. Don Allah a sakaya sunana. Ni malamin makaranta ne, gidana na Mabera amma Boɗinga nike aiki, kullum sai na tahi na dawo. Ina da Corolla ƙirar 2006 otomatik, bara na saye ta hannun wani, kuma wallahi ba ta taɓa ba ni matsala ba sai bayan damanar ga. Yanzu da na hau titi na taka totur, mita ta kai 60 zuwa 80, sai mota ta ɗauki rawa, gaba ɗai ƙasanta na girgiza har ka ji a kujera da ƙahwahunka, in na ɗauko abokan aiki mota ta cika abin ya hi tsanani. Amma da na ɗaga ƙahwa daga totur sai ta yi lum. In tana tsaye tana silo lahiya lau, wutar cek mai nuna matsalar inji ma ba ta kama ba.

Matsalar ita ce bakaniken da ke min gyara yayan matata ne uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya riƙe ta bayan rasuwar mahaihinsu, shi ya ba ni aurenta. Na kai mai, ya canza fulogi, ba ta bari ba. Ya ce a yi balansin, anka yi. Ya wanke nozul ya canza fiyul fam, har yau tana nan yadda take. Kuɗin kaya kawai na kashe wajen dubu 90, shi kam bai taɓa amsar kuɗin aiki hannuna ba, ko na miƙa sai ya ce in bari. Yanzu ya ce giyabos ne, a nemo na Beljiyam, kuɗin da ya hwaɗa min ko albashina na wata uku bai kai su ba. Kuma Malam duk zuwan da nike, cikin gareji shike tada ta ya ba ta wuta ya saurara, bai taɓa shiga mun hita da ita ba.

Wani abokina ya ce cuta ta Yaya ke yi, shina ƙara kuɗi bisa kaya, in kai ta wani gareji ko in wanke ta in saida ma wani shiru in huta. Na ɗan taɓa ma uwargida zancen sai ta yi hushi wai na raina ɗan'uwanta, har yanzu ba ta sake min fuska ba, ga ta da ciki wata bakwai, kuma motar ga ita nike taƙama da ita in haihuwa ta zo cikin dare. In na kai ma wani bakanike sai labari ya kai ga Yaya don duk sun san juna, Inna ma sai ta ji. Mi za ni yi?

Ɗan'uwanku daga Mabera, Sakkwato

Wa alaikumus salam Malam, Allah ya ƙara rufa asiri, ya sauki uwargida lafiya. Abu na farko tun kafin mu je ko'ina, kar ka sayi giyabos ɗin nan yanzu, kar ka ci bashi dominsa, kar ka taɓa kuɗin da ka aje na haihuwa da suna. Ba wai don Yaya maƙaryaci ne ba, zan zo kan wannan, sai don bayanin da kai da kanka ka rubuto bai yi kama da ciwon giyabos ba, kuma akwai gwajin da za a yi da litar mai biyu da rabin awa wanda zai raba gardama.

Ka ce rawar tana zuwa in ka taka totur, tana ɓacewa da ka ɗaga ƙafa, a ƙasan mota da kujera kake jinta, kuma tana ƙaruwa in mota ta ɗauki kaya. Malam duk wanda ya daɗe da motoci masu jan gaba irin Corolla da Camry da Accord, in ya ji waɗannan huɗun a jere, shaf zai fara kawowa a ransa, kuma kan shaf na ciki, wanda ke wajen giyabos. Motarka shaf biyu gare ta a gaba, ɗaya hagu ɗaya dama, su ke ɗauko ƙarfi daga giyabos su kai wa tayu. Kowane shaf yana da kai biyu. Na waje, na wajen taya, shi ne kowa ya sani, in ya mutu za ka ji ƙas ƙas ƙas lokacin da ka karya sitiyari duka za ka yi kwana, ko yaron gareji ya san wannan ƙarar. Na ciki kuwa ba ya yawan yin ƙara, shi ya sa yake wahalar da mutane. A cikinsa akwai wasu boris guda uku da ke zamiya gaba da baya cikin wani kofin ƙarfe, in kofin ya ci ya yi gurbi, duk sanda inji ya tura ƙarfi sai boris ɗin su riƙa faɗawa gurbin suna fita, shaf ya riƙa juyawa a karkace, mota ta ɗauki rawa gefe da gefe. Ka ɗaga ƙafa, ƙarfi ya sauka daga kansa, rawa ta tsaya. Shi ya sa a gareji ba za a taɓa ganinta ba ko a kwana ana ba ta wuta, don in giya tana P shaf ko motsi ba ya yi. Kamar jakin da ɗingishinsa ba ya fitowa sai an ɗora masa mangala ne, in kana kallonsa a turke ka rantse lafiyarsa lau.

Kuma lokacin da ka ce abin ya fara ya ƙara min ƙarfin zato. Kowane kan shaf yana cikin wata baƙar roba mai lanƙwasa lanƙwasa cike da giris. Zafin Sakkwato ka san shi, Maris zuwa Mayu ana wuce digiri 40 ba wasa, ga zafin kwalta ga na inji, robar nan sai ta bushe ta tsattsage, motar 2006 kuwa ta ga shekaru. Da ta tsage giris ya fara fita, damana ta zo ka shiga ruwan lungunan Mabera, ruwa da yashi sunka shiga inda giris ya bari, to yashi da ƙarfe in sunka haɗu ba a daɗewa. Mafi yawan shaf ɗin da ke mutuwa a garin nan ba tsufa ke kashe su ba, robar da ba ta kai komai ba ce anka bari ta yage ba wanda ya leƙa.

Sauran abubuwan da ke sa mota rawa kowane da lokacinsa, kuma yana da kyau ka riƙe su a kai ko don gaba. In taya ce, ko balansin ya ɓaci ko wili ya lanƙwashe ko tayar ta yi kumburi, rawar tana bin gudun mota ne, ta kai wani gudu ta fara, yawanci can wajen 90 zuwa 110, kuma ko ka taka ko ka ɗaga ƙafa tana nan har sai gudun ya sauka, in tayar gaba ce a sitiyari za ka ji. In sai ka taka birki take rawa to faifan birki ne. In inji ne ke misin, wato fulogi ko koyil ko nozul, za ka ji mota tana fizga tana shaƙewa, ƙarfi ya ragu, shan mai ya ƙaru, sau da yawa silo ma ba ya daidai, wutar cek ta kama ko ta riƙa ƙiftawa. Kai kuwa ka ce silo lafiya lau. Akwai kuma injin sit, robobin nan huɗu da inji da giyabos ke zaune a kansu, in sun mutu za ka ji gum in ka sa D ko R, kana tsaye a danja mota tana kakkarwa. Wannan kam ban cire shi gaba ɗaya ba, don sit ɗin da ya zauna yana sa shaf ya yi aiki a karkace, wani lokaci tare ake samunsu su biyu.

Giyabos fa? Shi in ya fara mutuwa alamarsa daban ce. Ka taka totur inji ya yi ihu allurar rpm ta tashi amma mota ba ta tafiya daidai da ihun, ko ka sa D da safe sai ta yi jinkiri kafin ta kama, ko ta canza giya da duka, man giya ya yi baƙi yana warin ƙuna. Ba ka ambaci ko ɗaya ba. Don adalci dai, akwai wani ɓari da kwanbata, wato abin da ke haɗa inji da giyabos, ke yi a motar otomatik, ɓari mai laushi gir gir gir lokacin da kake tafiya a hankali da ƙafa sama sama a kan totur, kuma yakan zo a irin gudun da ka faɗa, ƙila shi Yaya ke tunani. Amma ko shi ne, da man giya ake farawa, a duba launinsa da yawansa a tabbatar irin wanda anka rubuta a jikin sandar gwaji ne anka zuba, ba a fara da sauke giyabos ba.

Yanzu maganar Yaya. Malam ni ban ga hujjar cewa cutarka yake ba, kuma ina jin kai ma a ranka ba ka yarda da hakan ba, in ba haka ba da ba ka tsaya kana lissafa min alherinsa ba. Mutumin da ya riƙe marainiya ya aurar da ita, yake shiga ƙarƙashin motarka ya ƙi karɓar ko sisi, ba shi za a fara zargi a kan maganar aboki ba, abokin da ko rasit bai gani ba. Abubuwan da ya canza ma ba shirme ba ne, in mutum ya zo gareji ya ce mota tana rawa in na ba ta wuta, fulogi ake fara dubawa don shi ya fi arha kuma shi ya fi yawan kawo haka. Inda ya gaza shi ne bai hau motar ya ji da jikinsa ba, ya koma canza kaya da zato, in wannan bai yi ba a gwada wancan, kuma kuɗin zaton daga aljihunka yake fita. Wannan ɗabi'a ce da ta yi yawa a garejinmu, ba shi kaɗai ba. Ga rana, ga motoci biyar a layi kowa na jira, ga yara sai an tsaya kansu, fita gwaji zuwa bayan gari sai ya ga kamar ɓata lokaci ne. Kuma aikin kyauta yana da nasa illar da ba a son faɗa, motar ɗan'uwa ita ake dubawa a tsaitsaye tsakanin aikin masu biya, shi yana jin taimako yake, kai kana jin kunyar ka ce bai yi ba, sai a yi ta tafiya a haka kowa na cizon yatsa. Ka kuma tuna shi ma abin yana damunsa, bakanike ya taɓa motar mijin ƙanwarsa har sau uku ba ta gyaru ba, a gaban yaransa, ba ƙaramin abu ba ne a wurinsa. Wani sa'in cewa giyabos ne hanya ce ta cewa na ƙure, sai dai girma ba ya barin a faɗe shi haka.

Shawarar abokinka ta biyu kuwa, ka wanke ta ka sayar shiru, ka aje ta gefe. Kai malami ne ba sai na ja maka dogon wa'azi ba, ka san ɓoye aibin kaya a ciniki bai halatta ba, kuma wanda zai saya shi ma iyalinsa zai ɗauka a ciki. Ko ta fuskar lissafi ma asara ce, ka karyar da Corolla mai lafiyayyen inji saboda abin da ƙila shaf ɗaya ne, ka je ka sayo wata da ba ka san nata ciwon ba a wannan tsadar. Sakkwato kuma ba ta da girman da za ka sayar wa mutum matsala ku daina haɗuwa, sai ka gan shi sahu ɗaya da kai ran Juma'a.

Uwargida, don Allah ka cire ta daga tsakiyar maganar nan. Ita ba shaf ta ji ba ba giyabos ba, abin da ya shiga kunnenta shi ne mijinta yana zargin wanda ya tsaya mata a matsayin uba, ga nauyin ciki, dole ranta ya sosu. Ka same ta cikin natsuwa ka ce mata ba ka taɓa zargin Yaya ba, kuɗin giyabos ne ya tsorata ka ga haihuwa na tafe, kuma gobe ko jibi za ka je ku duba motar tare da shi. Iyakarta ke nan. Kar ka aike ta da saƙo wurinsa, kar ka ce mata wane ya ce kaza, sunan abokin nan ma kar ya fito, don ranar da kunka shirya da Yaya ita ba za ta manta da shi ba. Inna kuwa babu dalilin da zai sa ta ji komai in ka bi ta hanyar da zan faɗa maka.

Yau ɗin nan kafin ka kwanta ka ɗauki sifanar taya ka bi notunan tayu huɗu ɗaya bayan ɗaya, tunda an kwance su wajen balansin, noti mai sako sako yana sa rawa kuma shi ne mai kisa nan take. Ka shafa kowace taya ciki da waje ko akwai kumburi. Sannan ka karya sitiyari duka gefe ɗaya, ka durƙusa da fitilar waya ka leƙa bayan tayar gaba, ka bi sandar shaf da ido har inda ta shiga giyabos. In ka ga roba a yage, ko baƙin giris ya fantsama a zagaye ya manne da ƙura a jikin ƙarfunan wurin, ka ɗauki hoto. Ka juya sitiyari ka duba ɗaya gefen. Amma kar ka kuskura ka shiga ƙarƙashin mota tana kan jak kawai.

Sai ka je wurin Yaya, kuma gida za ka same shi, bayan Magariba ko ran da ba ya fita, ba gareji gaban yara da kwastomomi ba. Ka gaishe shi yadda ka saba, ka yi godiyar wahalar da yake sha da motar, sannan ka ce masa wani abu kamar haka, Yaya kuɗin giyabos ɗin nan wallahi sun fi ƙarfina yanzu ga hidimar da ke gabanmu, kuma na lura da wani abu da ban iya kwatanta maka daidai ba, rawar ba ta zuwa sai a kan titi, da na ɗaga ƙafa take tsayawa, ina roƙon ka ba ni rabin awa gobe da safe ka tuƙa ta da kanka ka ji. Ka ga a nan ba ka ce ya yi kuskure ba, ba ka ce wani ya fi shi ba, ka ba shi labarin da bai samu ba ne, kuma gaskiya ce bai samu ba. Kar ka je kana cewa na karanta a intanet shaf ne, ba bakaniken da ke son jin wannan daga bakin mai mota. Ka bari ya hau. In ya daɗe a sana'ar nan, ina kyautata zaton kafin ku kai mararrabar filin jirgi shi da bakinsa zai ce kai wannan ai shaf ne. In bai faɗa ba sai ka nuna masa hoton robar ka ce Yaya wannan fa, ko yana da alaƙa? Ka bar masa ladan ganowa, kai mota kake so ta gyaru.

Wajen gwajin ku ɗauki mutum biyu a baya tunda da kaya ta fi nunawa, ku fita da sassafe titi ba cunkoso, hanyar Boɗinga da ka saba ko baifas. Ya kai ta 60 ya taka sosai, ya ɗaga, ya sake takawa, sau uku ko huɗu. In giyarka na da maɓallin O/D ko lamba 3, ya sa ta a nan ya maimaita a gudu ɗaya, in rawar tana nan a wannan gudun duk da juyin inji ya canza, to ba inji ba ne, abin da ke juyawa tare da taya ne. Ku kashe rediyo da AC, wanda ke gaba ya sa tafin ƙafarsa a ƙasa ya ji ta wane gefe ta fi bugawa. Da kun dawo a hau rami, a kama shaf kusa da kan ciki a girgiza sama da ƙasa, a murɗa shi gaba da baya, a kwatanta hagu da dama, mai lalacewa za a ji yana da wasa fiye da ɗan'uwansa. A nan kuma a duba injin sit, a buɗe bonet, a ja hambirki, ƙafa ɗaya a danne birki sosai, a sa D a ɗan taɓa totur kaɗan, sannan R, mai kallo ya tsaya a gefe ba gaban mota ba, in inji yana ɗagowa yana faɗawa to sit ya tafi. A zaro sandar man giya a ɗiga a farar takarda, ja ne ko ya yi baƙi, a sansana.

In ya tabbata shaf ne, ku je kasuwar kayan gyara tare da Yaya da tsohon shaf ɗin a hannu. Wannan kaɗai ya kashe zancen ƙarin kuɗi ba tare da ka zargi kowa ba, kuma dama haka ya kamata, don sai an jera su an ga tsawo ɗaya ne, haƙoran bakin sun yi daidai, in motarka mai ABS ce, wato birkin da ke hana taya kullewa, a duba wannan ma, na dama da na hagu kuma ba ɗaya ba ne, na dama ya fi tsawo. Ni a ra'ayina shaf na asali ɗan Beljiyam mai lafiyayyar roba ya fi sabo mai arha na kwali, don akwai sababbin da tun ranar da anka ɗaura su suke rawa, sai mutum ya ɗauka ba shaf ba ne matsalar ya koma neman wani abu. Amma ɗan Beljiyam ma sa'a ne, saboda haka ku yi magana da mai shago a gaban shaida cewa in an ɗaura an gwada bai yi ba za a dawo da shi a canza, a rubuta a rasit. Wajen ɗaurawa a duba sil ɗin bakin giyabos kar ya riƙa yoyo, a cika man giyar da ya zube da irinsa, a ɗaure babban notin shaf sosai a dake bakinsa yadda ba zai kwance ba. Wasu za su ce a canza roba kawai a cusa giris, wannan yana yi ne in an kama abin da wuri kafin ya fara rawa, wanda ya riga ya ci gurbi giris ba ya cike shi.

Daga wannan aikin kuma ka canza tsarin da ke tsakaninku. In ya ƙi karɓar kuɗin aiki, ka ba babban yaronsa a gabansa ka ce na yara ne su sha ruwa, wannan ba ya iya hana shi, ko ka riƙa yi wa gidansa wani abu lokaci lokaci. Da ka fara biya ko ta bayan gida ne, bakinka zai buɗe ka iya cewa Yaya a gwada kafin a saya, kuma duk abin da anka cire a sa maka a but. Tsohon fiyul fam ɗin ma in yana nan ka karɓe shi ka aje, mai yiwuwa lafiyarsa lau, wata rana zai yi maka rana. Dubu 90 ɗin da sunka tafi kar ka tada zancensu, fulogi da wankin nozul dama sabis ne da motar za ta buƙata, sauran ka bar shi a kuɗin zumunci.

To in an hau rami shaf lafiya, sit lafiya fa? Sai a sa mata kwamfuta kafin a sake sayen ko wasa. Wani koyil ɗin ba ya gazawa sai mota na jan kaya, kuma yana iya aje lamba a ƙwaƙwalwar mota tun wutar cek ba ta kama ba, ballantana motar hannu da ba ka san ko an cire ƙwan wutar ba, ka lura in ka murɗa makulli kafin ka tada inji ya kamata ta kama tare da sauran sannan ta mutu. In ka ga P0301 zuwa P0304, lambar ƙarshe ita ce silindar da ke misin, sai a musanya koyil ɗinta da na kusa a ga ko matsalar ta bi shi, ba sai an sayi huɗu ba. In duk wannan ya fita sai maganar giya, to nan ma mai aikin giya zalla ya kamata ya gani, kuma ga yadda za ka yi ba tare da ka tsallake Yaya ba, ka ce masa Yaya wa ka yarda da shi a garin nan kan giyar otomatik, ka haɗa ni da shi ko mu je tare. Kanikawa suna tura wa juna aiki kullum, mai inji daban, mai waya daban, mai giya daban, ba abin kunya ba ne a wurinsu in ta hannunsu anka bi. Abin da ke ɓata rai shi ne ya ga motarka a garejin wani bai sani ba.

In kuma ka yi duk ladabin nan ya ce shi ba ya da lokacin fita, ko ya kafe sai giyabos ba tare da gwaji ba, to ka sauke nauyin da ke kanka. Ka ce masa Yaya ba ni da kuɗin yanzu, zan sa a duba min ƙasanta ko akwai dabarar da za ta kai ni bayan suna, ka faɗa masa da bakinka kafin ka je, sannan ka kai ta inda ka natsu. Zai ɗan ji ba daɗi, kwana kaɗan ne, ka ci gaba da gaisuwa da zuwa gidansa kamar da, ƙananan ayyuka irin su juyen baƙin mai da birki ka ci gaba da kai masa. In ta tabbata giyabos ne kuma ba hali, ko ka aje ta ka bi motar haya zuwa Boɗinga har ka tara, ko ka sayar ka faɗa wa mai saye abin da ke akwai a rage maka kuɗi.

Kafin a gyara, ka rage mata wahala. Cikin gari a hankali ba laifi, amma ka daina cika ta da mutane, ka daina taka ta da ƙarfi, abokan aiki su yi haƙuri na ɗan lokaci. Shaf in ya ƙarasa ba ya sallama, inji zai yi ta ihu mota ta ƙi motsi duk giyar da ka sa, kuma ba ka son wannan ya same ka a hanya da yamma ko ka ɗauko mai naƙuda. Tafiya mai nisa irin Gusau ko Illela ko Birnin Kebbi kam a dakata da ita gaba ɗaya. Ba a fafe gora ranar tafiya, tun yanzu ka yi magana da maƙwabci mai mota da wani mai Keke da ka yarda da shi a unguwa, ka aje lambobinsu a wayarka da ta uwargida, ko an gyara motar ma wannan tanadin ya zauna. Shi kansa Yaya ka sa shi cikin waɗanda za a kira, ƙanwarsa ce, kuma jin haka daga bakinka zai yi masa daɗi.

In kun fita gwajin ka rubuto min abin da kunka gani, gefen da ya fi bugawa, halin robobin, launin man giya, da lambar da kwamfuta ta nuna in an kai ga sa ta, sai mu ɗora daga nan. A gaida uwargida da jiki.